WANDA YA TASO BA SHI DA WURIN KAI KUKA: CIWON DA KE BIN MUTUM HAR GIRMA, DA HANYAR WARAKA

Bismillahir Rahmanir Rahim.


 Yau za mu ajiye maganar basir da shawara da sanyi, mu taɓo wani ciwo da yake zaune a gidaje da yawa amma ba a cika kiransa da sunansa ba. Rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe.

Akwai koke-koken da duk mai ba da magani ya saba ji. "Malam, ƙirjina kamar an ɗora mini dutse." "Malam, ba na barci, motsi kaɗan sai gabana ya faɗi." "Malam, maigidana bai rage mu da ci da sha ba, amma shekara goma sha biyar ban taɓa sanin abin da ke ransa ba." "Malam, matata da an yi mata gyara kaɗan sai kuka, sai ta ce a sake ta." An je asibiti an yi gwaji, an ce ba a ga komai ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙya, abu yana nan jiya i yau.

Irin waɗannan bayin Allah, idan ka zaunar da su ka yi musu tambaya guda: "Lokacin da kake yaro, in an cuce ka ko ka ji tsoro, wurin wa kake gudu?" da yawansu shiru za su yi. Wani ya yi 'yar dariya ya ce ba kowa. Wata kuma hawaye ne zai ba ka amsa. To ɗan uwa, kai ma yi wa kanka wannan tambayar kafin mu ci gaba.

*ABINCI DA SUTURA BA SU ISA BA*

Yaro yana bukatar ci da sha da tufa da makaranta, wannan kowa ya sani. Akwai kuma wata bukata da ido ba ya gani: ya san cewa a duniyar nan akwai babba guda ɗaya da in ya rugo da kuka zai karɓe shi, ya saurare shi, ya tsaya masa. Wannan shi nake kira garkuwar zuciya. Yaron da yake da ita, ko a gidan talauci ya taso, zuciyarsa tana da wurin hutawa. Wanda ba shi da ita, ko a kan katifa mai taushi yake kwana, a tsorace yake kwana.

Wani masanin halayyar jarirai a Amurka, Edwad Tironik, ya nuna wannan a fili a shekarun 1970. Sai a sa uwa ta yi wasa da jaririnta, sannan a ce ta ɗaure fuska na ɗan lokaci, ba murmushi, ba amsawa. Jaririn zai yi murmushi don ya jawo ta, ya miƙa hannu, ya yi ƙara. In bai samu amsa ba sai ya rikice, ya kau da kai, ya fashe da kuka. Minti biyu kacal ke nan fa, kuma da uwar ta saki fuska sai su shirya. To ina ga yaron da ya shekara goma yana kallon ɗaurarriyar fuska?

A ƙasar Romaniya, bayan faɗuwar gwamnatin Caushesku a 1989, duniya ta ga gidajen marayu cike da yara. Ana ba su abinci, amma ma'aikaciya ɗaya tana kula da yara masu yawa, babu mai ɗaukarsu, babu mai yi musu wasa. Masu ziyara sun tarar da ɗakuna cike da jarirai amma tsit, domin jariran sun gane kuka ba ya kawo kowa. Da masu bincike suka bi wasu yara 136 a birnin Bukarest, suka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, sai aka ga waɗanda aka mayar sun fi samun ci gaban hankali da iya shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka ɗauke tun ba su kai shekara biyu ba.

*YADDA ABIN KE FARUWA A GIDAJENMU*

Ba sai yaro ya zama maraya ba. Kuma sau da yawa ba mugunta ce ta kawo shi ba.

Aure ya mutu, uwa ta tafi, an bar yara a hannun matar uba. Uban ya fita tun asuba sai dare, in ya dawo abin da aka faɗa masa shi zai hau, ya ɗauki bulala bai ji ta bakin yaron ba. Ko uwa ta yi sabon aure ta tafi da ɗanta agola, ya zama kullum yana lura da fuskar maigida kafin ya miƙa hannu a kwano. Ko an ba da yarinya riƙo, ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce talla, in an raba abu ita ce ta ƙarshe. Ko an kai yaro ɗan shekara shida karatu wani gari, shekara ta zagayo babu wanda ya leƙo shi. Neman ilimi alheri ne, amma nauyin da Allah Ya ɗora wa uba ba ya sauka don ya miƙa yaro ga malam.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Iyayenmu sun yi ta, ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane. Amma su a babban gida suke zaune: akwai kaka, akwai gwaggo, akwai inna, akwai baba ƙarami, su ne suke ɗaukar yaron su shagwaɓa shi. Abin da uwa ta ɓoye, kaka ta bayyana shi ninki biyu. Yanzu fa? Miji da mata suna ɗakin haya a birni, kaka tana ƙauye. An riƙe kunyar, an rasa kakar. Yaron ya tashi babu mai rungumarsa ko ɗaya.

Sai maganganun da muka saba da su har ba ma jin nauyinsu: "Namiji ba ya kuka." "Rufe mini baki ko in ƙara maka." "Kai dai ba za ka yi albarka ba." "Dubi ɗan uwanka, kai kuwa sai ci." Mafi muni, yarinya ta zo ta ce wani babba a gidan yana taɓa ta, a ce ta yi shiru kada ta tona asirin dangi. Ranar nan an koya mata cewa sunan gida ya fi ta daraja.

*ABIN DA KE FARUWA A CIKIN JIKI*

Allah Ya halicci wani ɗan ɓangare a cikin ƙwaƙwalwa, likitoci suna kiransa amigdala, aikinsa kamar na maigadi ne. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa, wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su saki sinadaran adirenalin da kotisol a cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jijiyoyi su ɗaure, narkewar abinci ta ja baya. Wannan rahama ce, da ita mutum yake tsere wa kare ko gobara.

Ƙaramin yaro ba ya iya kashe wannan ƙararrawa da kansa. Sai babba ya ɗauke shi, ya rarrashe shi, sannan jikinsa ya sauka. In aka yi haka sau ɗari, sau dubu, a hankali jikin yaron yake koyon sauka da kansa. Wanda bai samu mai rarrashi ba, maigadinsa ya saba kwana a tsaye. Ya girma, ya yi aure, ya gina gida, haɗarin ya wuce tun tuni, amma maigadi bai samu labari ba. Hausawa sun riga sun faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Tsakanin 1995 da 1997, wasu likitoci biyu a Amurka, Dakta Feliti da Dakta Anda, sun tambayi manya sama da 17,000 a birnin San Diyego game da wahalhalun da suka sha kafin su kai shekara 18: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, rashin kulawa, rabuwar iyaye, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali, da ɗaure wani na gida. Kusan kashi biyu cikin uku sun ce sun sha aƙalla ɗaya. Kusan mutum ɗaya cikin takwas ya sha huɗu ko fiye. Sakamakon farko da ya fito a 1998 ya nuna cewa masu huɗu ko fiye, haɗarin faɗawarsu cikin shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka na sauran sau 4 zuwa 12. Kuma gwargwadon yawan wahalar, gwargwadon ƙaruwar ciwon zuciya, na hanta da na huhu a girma.

A lura da kyau: wannan ƙarin haɗari ne, ba hukunci ne a kan kowa ba. Mutane da yawa sun sha wuya kuma sun tashi lafiya lau. Za mu zo kan dalili.

*YADDA YAKE BAYYANA IDAN AN GIRMA*

Yaron da ba shi da mai tsaya masa, dole ya ƙirƙiro dabarar kare kansa. Dabarar ta cece shi a lokacin. Matsalar ita ce ya shigo da ita gidan aurensa. Duba ko za ka ga kanka ko wani naka a nan:

*1. Mai saurin hawa.* An yi masa magana kaɗan, ya tashi kamar zai ci mutum. Yaro ya zubar da shayi, ya yi masa dukan da ya fi laifin. Bayan ya huce yana nadama, gobe ya sake. Ya koyi cewa in bai riga kai hari ba, shi za a kai wa.

*2. Mai rufaffen ciki.* Ba ya neman taimako ko zai mutu. Ba ya cewa "na ji zafi", ba ya cewa "ina sonki". In matarsa tana kuka sai ya sa takalmi ya fita, saboda bai san me ake yi wa mai kuka ba, shi ba a taɓa yi masa ba. Mutane suna cewa girman kai ne, alhali tsoro ne.

*3. Mai neman yardar kowa.* Ba ta iya cewa a'a. Ta ba da bashin da ta san ba za a biya ba, ta yi aikin bikin kowa har ta kwanta ciwo, ta ba da haƙuri a kan laifin da ba nata ba. Ana yabonta da kirki, ita kuwa a ranta gani take in ta daina wahala za a daina sonta.

*4. Mai tsoron a gudu a bar shi.* Kishi ba kan gado, binciken waya, zargi. Miji ya yi jinkirin dawowa, ta riga ta gama yanke cewa aure zai ƙara. Wani lokaci ita za ta riga neman saki, don kada a riga ta.

*5. Mai gudu daga kansa.* Wani aiki yake fakewa da shi ba dare ba rana, wani hira a majalisa har ƙarfe ɗaya, wani waya, wani kuma ƙwaya da maganin tari. Da gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, an ji yadda har matan aure suke sha a cikin gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Har ibada abin yana taɓawa. Wanda ya taso bai san komai daga babba ba sai hukunci, yakan yi wahala zuciyarsa ta natsu da cewa Ubangijinsa Mai rahama ne. Sai ka ga waswasi a alwala da salla, da ɗebe tsammani daga gafara.

Ana cewa hali zanen dutse. Amma da yawa daga abin da muke kira hali, tabo ne. Tabo kuwa yana yin laushi in an kula da shi.

*BA KOMAI NE ALJANI DA SAMMU BA*

Sihiri gaskiya ne, kambun baka gaskiya ne, ruƙya ta shari'a sunna ce. Amma wallahi an cuci mutane da yawa da aka ce musu kishiya ce ta yi musu asiri, aka raba zumunci, aka cinye musu kuɗi, alhali ciwon tun suna shekara bakwai ya samo asali. Kuma ina faɗa muku a matsayina na mai harkar itatuwa: babu sassaƙe ko saiwar da za ta goge abin da aka yi wa mutum yana yaro. Duk wanda ya ce yana da garin da zai yi haka cikin kwana bakwai, aljihunka yake nema.

Kula da lafiyar rai kuma ba baƙon abu ne a wurin malamanmu ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira (934 Miladiyya), ya rubuta littafin Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani kamar na jiki. Ya nuna cewa jiki da rai a haɗe suke, in ɗaya ya kamu ɗayan ma yana jin jiki. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar bukata.

*MUTUM ƊAYA YANA ISA*

Dubi rayuwar Fiyayyen Halitta (SAW). Mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi. Mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa'i yana ɗan shekara 6. Kakansa Abdulmuɗɗalib ya rasu yana ɗan shekara 8. Maraici a kan maraici. Amma a kowane mataki Allah Ya ajiye masa hannun da zai riƙe shi: Halimatus Sa'adiyya da ta shayar da shi, Ummu Aimana da ta rene shi, kakansa da yake zaunar da shi a kan shimfiɗarsa a inuwar Ka'aba, sannan Abu Ɗalib da matarsa Faɗimatu bintu Asad. A cikin Suratud Duha, Allah Ya tuna masa wannan mafaka da Ya ba shi a maraicinsa a matsayin ni'ima, sannan Ya bi da hani ga danne maraya.

Masu bincike ma a nan suka tsaya. Wata masaniya, Emi Warna, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kawayi na Amurka har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama nagartattun manya masu natsuwa. Babban abin da aka gani tare da su shi ne kowannensu ya samu aƙalla babba ɗaya mai ƙaunarsa, ko kaka, ko 'yar uwar uwa, ko malami. Wasu kuma da suka lalace a ƙuruciya sun gyaru daga baya, ta dalilin samun abokin zama nagari ko shiga jama'ar addini. Ke nan ƙofa ba ta rufe don mutum ya girma.

*HANYAR WARAKA*

*Na farko, ka kira abin da sunansa.* Ka yarda cewa an yi maka rauni, kuma ba laifinka ba ne, yaro kake. Wannan bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba. Annabi Ya'aƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ya kai kukansa ga Allah, kuma shi ne abin misali a kyakkyawan haƙuri. Manzon Allah (SAW) ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa yana babban mutum, ya yi kuka har na kusa da shi suka yi kuka, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wa ya isa ya ce namiji ba ya kuka?

*Na biyu, ka sami mutum ɗaya amintacce ka faɗa masa.* Mai riƙe sirri, wanda ba zai katse ka da "ai ya wuce" ba. Wasu suna tsoron kada ya zama gulmar iyaye. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ya halatta a ambaci laifin wani, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci da neman fatawa. Hindu bintu Utba ta kai ƙarar maƙon mijinta wurin Annabi (SAW), bai ce ta yi gulma ba. Abin da aka hana shi ne yaɗawa a majalisa da Facebook.

*Na uku, ka koya wa jikinka sauka.* In ka ji abin ya taso, yi abin da sunna ta koyar game da fushi: nemi tsari daga Shaiɗan, yi shiru, in kana tsaye zauna, in bai tafi ba kishingiɗa. Ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, kamar sau goma; wannan yana rage bugun zuciya. Sannan ka tambayi kanka: wannan zafin na yau ne, ko na da ne ya motsa? Kada ka yanke hukunci, kada ka furta saki, kada ka ɗaga hannu, sai jiki ya sauka.

*Na huɗu, ka tsare lokuta.* Wanda ya taso cikin rashin tabbas, tsari magani ne a gare shi. Salloli biyar a kan lokaci da natsuwa a sujada, azkar na safe da yamma, tafiyar ƙafa ta kamar minti 30 a yawancin ranaku, kwanciya a lokaci ɗaya. A bar goro, kofi da shayi mai kauri daga la'asar. A ajiye waya kafin a hau gado. Lokacin kwanciya a karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki, kamar yadda Nana A'isha (RA) ta ce Annabi yana yi.

*Na biyar, talbina.* Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha (RA) takan sa a dafa ta in an yi rasuwa, saboda ta ji Annabi (SAW) ya siffanta ta da sanyaya zuciyar mara lafiya da rage wani sashe na baƙin ciki. A lura, wani sashe aka ce. Yadda ake yi: cokali 2 na garin sha'ir, a dama da kofi 1 na ruwa, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa kamar minti 10 zuwa 15 har ya yi kamar kunu, a zuba madara, in ya ɗan huce a sa zuma. Mai ciwon suga ya bar zumar ko ya tambayi likitansa. Kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Shayin na'ana'a ko babunaj da dare shi ma yana taimaka wa wasu su natsu. Duk waɗannan taimako ne, ba su maye gurbin sauran matakan.

*Na shida, yafiya da iyaka.* Yafiya alheri ce babba, ita ce sauke kayan da ka daɗe kana ɗauke da su. Amma ba a tilasta ta rana ɗaya, kuma ba ta nufin ka koma inda ake cutar da kai. Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza, ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. In iyaye ne, haƙƙinsu yana nan: gaisuwa, ciyarwa, addu'a, kyakkyawar magana. Da yawansu su ma haka aka rene su, abin da suka samu shi suka bayar. Fahimtar haka tana sassauta zuciya. Amma wanda ya yi lalata da yaro, ko waye shi a dangi, ba a sake barin yara kusa da shi, kuma rufa masa asiri taimakon zalunci ne.

*IDAN MIJINKI NE KO MATARKA CE*

Ku dubi abin da Nana Khadija (RA) ta yi ranar da Annabi (SAW) ya dawo daga kogon Hira jikinsa yana rawa. Ta fara lulluɓe shi har tsoron ya tafi. Sannan ta saurare shi, ta tuna masa kyawawan halayensa. Sannan ta kai shi wurin masani, Waraƙa bin Naufal. Natsarwa, sannan magana, sannan neman masani. Mu kuwa mukan fara da wa'azi mutum yana tsakiyar rawar jiki.

Kada ka yi mata gori da sirrin da ta faɗa maka, in ka yi sau ɗaya ka rufe ƙofar har abada. Ki cika alkawari ko ƙarami ne, da haka aminci yake ginuwa. Amma fa raunin yarinta ba lasisin zalunci ba ne. In abin ya kai ga duka ko barazana, a sa manya da hukuma a ciki, zama a sha duka ba ya cikin haƙurin da addini ya yi umarni da shi.

*YAUSHE ZA A TAFI ASIBITI?*

In baƙin ciki ya wuce mako biyu kullum, ba ci, ba barci, ba sha'awar komai. In mutum yana firgita da mugun mafarki ko yana ganin abin da ya faru kamar yanzu ake yi. In ya kamu da shaye-shaye. In yana jin muryoyi. In mai jego ta kasa kula da jaririnta saboda damuwa. Wanda kuwa ya fara maganar gara ya mutu ko yana tunanin kashe kansa, a ranar za a kai shi, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke guba da makami daga kusa da shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da wannan sashe. Zuwa can ba ya nufin hauka. Akwai masana da aikinsu shi ne zama da mutum a yi magana a warware. Wanda likita ya ɗora a kan magani, kada ya daina don ya fara na gargajiya, kuma ya faɗa wa likitan duk abin da yake sha.

*YARAN DA KE HANNUNMU YAU*

Mafi girman amfanin wannan bayani shi ne abin ya tsaya a kanka, kada ya wuce zuwa ga 'ya'yanka. Aƙra'u bin Habis ya ga Annabi (SAW) yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya nuna masa cewa rashin jin ƙai yana jawo a rasa jin ƙai. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwar. Ya tsaya ya tambayi ƙaramin yaro Abu Umair labarin ɗan tsuntsunsa. Anas ya yi masa hidima shekara 10 bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba. Ya kuma ƙi yin shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu bin Bashir ya ba shi shi kaɗai ban da 'yan uwansa. Masu mata fiye da ɗaya, a riƙe wannan.

Don haka daga yau: in yaro ya zo da kuka, ka fara jin ta bakinsa kafin hukunci. Ka tsawata a kan laifin, kada ka zagi asalinsa ko ka yi masa baki. In ka wuce gona da iri, ka kira shi ka rarrashe shi, girmanka ba zai ragu ba. In ya ce wani yana taɓa shi, ka yarda da shi ka bincika. Ka kuma duba gidanka da unguwarka: agola, 'yar riƙo, ɗan kishiyar da uwarsa ta fita, almajirin da ke yi muku aike. Ka san sunansa na gaskiya, ka tambaye shi ya ya kwana, ka tsaya masa ranar da aka cuce shi. Wataƙila kai ne mutum ɗayan da Allah Ya ajiye masa.

Allah Ya warkar da zukatanmu, Ya gafarta wa iyayenmu Ya ji ƙansu, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa gidajenmu su zama wurin natsuwa. Amin.

A tura wa 'yan uwa da sauran zaurukan, ba ka san wanda yake ɗauke da wannan ciwo a ɓoye ba.

Wassalamu alaikum warahmatullah.